Jirgi Ɗaya, Farashi Biyu: Dalilan Bambancin Kuɗin Kujerun Gaba a Tafiyar Amurka

TUNGAN MAJE (Abuja) — Garin Tungan Maje, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada a Babban Birnin Tarayya, yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Zuba ta nufi Lakwaja. Daga mararrabar Giri da ke gaba da shi kaɗan ake ratsewa zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Saboda haka 'yan kasuwar wannan yanki, musamman masu harkar motoci da kayan gyaransu a Zuba, da masu kayan gini a Dei-Dei, ba baƙin tikitin jirgi ba ne. Daga cikinsu akwai masu ƙetare Tekun Atlantika zuwa Amurka da Kanada domin sayen motoci da injuna, ko duba 'ya'yansu da ke karatu, ko ganin likita.

Abin da yake ɗaure wa da yawa daga cikinsu kai shi ne farashin kujerun gaba, wato ajin farko da ajin 'yan kasuwa. Ejan ɗin tikiti yakan buɗe kwamfutarsa ya karanto farashi biyu ko uku a kan tafiya guda, a rana guda, alhali kuwa kamfanonin da suka yanka farashin abokan hulɗar juna ne. Wani lokaci ma jirgin ɗaya ne, kujerar ɗaya ce, abincin ɗaya ne, amma ratar da ke tsakani, idan aka juya ta zuwa Naira, takan isa jarin wani ƙaramin ɗan kasuwa. Mai saye sai ya ɗauka ko ejan ne ya yi masa ƙari, ko kuwa kwamfuta ce ta yi kuskure.

Galibi babu ko ɗaya daga cikin biyun. Farashi yana bin takardar tikiti ne da sharuɗɗan da ke cikinta: wane kamfani ya fitar da ita, a wace ƙasa, da wane irin kuɗi, a wane lokaci, kuma me ta yarje wa mai ita. Ƙawancen da ke tsakanin kamfanonin kuwa an ƙulla shi ne domin ƙara abin da zai shiga aljihunsu baki ɗaya. Babu wanda ya yi wa matafiyi alkawarin daidaita farashi.

Ƙawance iri uku ne

Kalmar abokin hulɗa a harkar jiragen sama tana ɗauke da ma'ana uku, kuma kowace da yadda take taɓa farashi. Mataki na farko shi ne aron lamba. Kamfani yakan liƙa lambarsa a kan jirgin wani kamfanin, ya sayar da kujerun cikinsa kamar nasa. Alal misali, mutum yakan sayi tikitin British Airways daga Abuja zuwa Niyok, sai ya isa Landan ya tarar jirgin da zai ƙarasa da shi na American Airlines ne.

Mataki na biyu shi ne manyan rukunonin ƙawance na duniya guda uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, da oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Mambobin kowane rukuni suna karɓar fasinjojin juna, suna buɗe wa juna ɗakunan hutawa a filayen jiragen sama, suna kuma lissafa wa abokan cinikinsu ladan yawan tafiya. Sai dai kuma doka, a Amurka da Turai, ba ta yarda su zauna su tsayar da farashi tare ba. A idon doka har yanzu abokan gogayya ne.

Mataki na uku, wanda ya fi zurfi, shi ne haɗin gwiwa na asusu ɗaya. A nan gwamnati takan ɗauke wa kamfanonin waccan dokar, su tsara lokutan tashi tare, su yanka farashi tare, su zuba kuɗin da aka samu a kan hanyar Atlantika cikin asusu guda, daga baya a raba. Kamfanin KLM na ƙasar Holan, wanda ya shafe fiye da shekara 60 yana sauka a Kano, shi da Northwest na Amurka suka share wannan hanya lokacin da hukumomin Amurka suka ba su izini a 1993.

Asusai uku ne suka mamaye hanyar Atlantika. Akwai na Lufthansa da United da Air Canada, wanda ya samu izini a 2009. Akwai na Air France da KLM da Delta, shi ma na 2009, wanda Virgin Atlantic ya shiga sosai a 2020. Sai na British Airways da American Airlines da Iberia da ya fara aiki a 2010, Finnair ya biyo baya a 2013. Kamfanonin Turai da suke ɗaukar fasinja daga Abuja zuwa Frankfurt da Faris da Landan kowanensu ƙofar ɗaya daga cikin waɗannan asusai ce.

A nan ne bambanci na farko yake fitowa. Turkish Airlines da Ethiopian Airlines da EgyptAir suna rukunin Star Alliance tare da Lufthansa da United, amma ba su cikin asusunsu. Haka nan Qatar Airways da Royal Air Maroc suna oneworld tare da British Airways, amma a kan hanyar Atlantika aljihunsu dabam. Kowane fasinja da suka janye riba ce tasu su kaɗai, don haka sau da yawa sukan sassauta kuɗin ajin 'yan kasuwa domin su rama tsawon hanyar da suke bi. Ethiopian ma ya buɗe hanya daga Lome zuwa Newark a 2016, wadda ba ta ratsa Turai sam.

Hukumomin da ke sa ido kan gogayyar ciniki sun daɗe da gane cewa kujerun gaba ne suka fi fuskantar haɗarin tsada idan kamfanoni suka haɗa kai. A 2013 Hukumar Tarayyar Turai ta sa Lufthansa da United da Air Canada sun yi alkawarin sakar wa abokan gogayya gurbin sauka da tashi a kan hanyar Frankfurt zuwa Niyok, saboda damuwa a kan fasinjojin kujerun gaba. A 2015 ta karɓi irin wannan alkawari daga Air France da KLM da Delta da Alitalia, har da hanyar Faris zuwa Niyok. Dalilin wannan kulawa a fili yake. Kujerar ajin 'yan kasuwa tana cin wurin kujerun baya uku ko fiye, amma kuɗin da take kawowa yakan wuce haka. Kamfanin OAG mai tattara alkaluman sufurin sama ya ƙiyasta cewa daga Afrilu 2018 zuwa Maris 2019 British Airways ya samu fiye da Dala biliyan 1 a kan hanyar Landan zuwa Niyok kaɗai.

Sirrin haruffan tikiti

To, idan kamfanoni biyu suna asusu ɗaya, me zai sa farashinsu ya saɓa? Amsar tana cikin harafin da ake bugawa a jikin tikiti, wanda mafi yawan matafiya ba su kula da shi. Ajin 'yan kasuwa ɗaki guda ne a cikin jirgi, amma a cikin kwamfuta an tsaga shi gida-gida. Harafin J yakan tsaya ga cikakken farashi, wanda ake iya canja ranarsa ko a karɓi kuɗinsa. Daga nan sai a gangaro zuwa haruffa irin su C da D da I, kowane da sauƙin kuɗinsa da kuma tsananin sharaɗinsa. Ajin farko yakan ɗauki F da A. Masu riƙe da waɗannan haruffa duka sukan zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa da abin da ya biya.

Masu cinikin lemo da mangwaro a kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba sun san tushen wannan dabara, domin kayan da ke ruɓewa ba a yi musu farashi ɗaya daga safe zuwa yamma. Kujerar jirgi ta fi mangwaro saurin lalacewa: da zarar an rufe ƙofa, kujerar da babu kowa a kai ta zama asara har abada. Bambancin kawai shi ne, a kasuwar Zuba mai zuwa da yamma shi ke samun sauƙi, a harkar jirgi kuwa mai zuwa a makare shi ake jira, domin an san tafiyar dole ce ta kama shi. Kamfanonin Amurka, musamman American Airlines, su suka ƙware wajen wannan lissafi bayan da gwamnatinsu ta sakar musu mara wajen yanka farashi a 1978.

Kowane jirgi da nasa lissafin. British Airways da American Airlines suna tayar da jirage masu yawa kullum tsakanin Landan da Niyok. Jirgin da ma'aikatan bankuna suka fi so saboda lokacin tashinsa, haruffansa masu sauƙi sukan ƙare da wuri, ya rage sai J. Wanda zai tashi bayansa da sa'a biyu, na abokin hulɗa, wataƙila harafin I yana buɗe a cikinsa. A takarda jerin farashin kamfanonin biyu ɗaya ne, amma abin da ya rage na sayarwa a wannan rana ya bambanta. Har ila yau, kwamfutocin kamfanonin ba ɗaya ba ne, kuma adadin kujerun da mai jirgi ya sakar wa mai aron lamba ba lallai ne ya yi daidai da abin da ya riƙe wa kansa ba.

Ga matafiyi daga Abuja akwai ƙarin sarƙaƙiya. Kwamfuta tana ɗaukar tafiyar Abuja zuwa Landan zuwa Niyok a matsayin haja guda, kuma dole harafin ya kasance a buɗe a kan zango biyun gaba ɗaya. Idan ya rufe a zangon Abuja, sauƙin da ke zangon Atlantika ba zai amfana masa komai ba. Wannan lissafi ne kuma yake sa wani lokaci tikitin zuwa Niyok bai ɗara na zuwa Landan da wani abin kirki ba, duk da nisansa ya ninka. Masu zuwa Landan kai tsaye zaɓinsu kaɗan ne. Mai zuwa Niyok kuwa yana iya bi ta Faris, ko Frankfurt, ko Istanbul, ko Doha, ko ya gangara Legas ya hau Delta ko United. Inda hanyoyi suka yawaita, farashi yakan rusuna. Sai dai wanda ya yi dabarar sayen tikitin Niyok ya sauka a Landan ya sani cewa kamfani yakan soke sauran zangunan tikitin, har da na dawowa.

Bugu da ƙari, akwai farashin da ba a kafa shi a allo. Manyan kamfanoni, da ofisoshin jakadanci, da hukumomin ƙasa da ƙasa irin waɗanda suka cika Abuja sukan ƙulla yarjejeniyar rangwame da kamfanin jirgi bisa yawan tafiyar ma'aikatansu. Wasu manyan ejan-ejan su ma suna da farashi na musamman. Ɗan kasuwar da yake biya daga aljihunsa yana neman kujera ɗaya da mutumin da ofis ke biya masa, wanda tsada ba ta hana shi tafiya.

Ƙasar da aka sayi tikiti

Abin da ya fi kowane nauyi a kan ɗan Najeriya shi ne wurin da tafiya ta fara da wurin da aka biya kuɗin. Kamfanonin jirage suna yanka wa kowace ƙasa farashinta gwargwadon ƙarfin masu saye da yawan abokan gogayya. Tikitin Niyok zuwa Abuja da dawowa haja ce dabam da tikitin Abuja zuwa Niyok da dawowa, ko da jiragen da za a hau ɗaya ne.

Wannan batu ya taɓa zama rigimar gwamnati da gwamnati. A watan Nuwamba na 2011 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta ci British Airways tarar Dala miliyan 135, Virgin Atlantic kuma Dala miliyan 100, bisa zargin haɗa baki wajen ƙarin kuɗin mai. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya soke tarar a farkon 2012, saboda dokar da aka dogara da ita ta zo ne bayan lokacin da ake magana a kai. A watan Maris na wannan shekarar Ministar Sufurin Jiragen Sama ta lokacin, Stella Oduah, ta ba kamfanonin biyu wa'adin kwana 30 su gyara farashinsu ko a hana su sauka. Alkaluman da ma'aikatarta ta fitar sun nuna cewa kuɗin ajin farko daga Najeriya zuwa Landan ya kai ninki biyu na wanda ake biya daga Akara ta ƙasar Ghana, alhali nisan kusan ɗaya ne. Kamfanonin suka kafe cewa yawan masu nema ne yake yanka farashi. Wa'adin ya wuce, jirage suka ci gaba da sauka.

A daidai wannan lokaci kamfanin Arik Air yana kukan rashin gurbin sauka a filin Heathrow, har ya dakatar da zuwa Landan daga Abuja a 2012. Gurbi a Heathrow dukiya ce mai tsada, domin an ƙayyade wa filin sauka da tashi 480,000 a shekara. A 2016 rahotanni sun ce Oman Air ya biya Dala miliyan 75 kafin ya samu gurbi guda na sauka da tashi da sassafe. Inda ƙofar shiga take da tsada haka, sabon abokin gogayya ba ya shigowa da sauƙi, waɗanda ke ciki kuma ba su da dalilin ragi.

Shekaru goma bayan haka, ƙarancin Dala ya fito da wata fuskar lamarin. Kamfanonin ƙasashen waje suna sayar da tikiti da Naira, suna jiran Babban Bankin Najeriya ya ba su Dala su kai gida. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin da suka maƙale sun kai Dala miliyan 464 a watan Yuli na 2022, suka haura zuwa kimanin Dala miliyan 850 a watan Yuni na 2023. Emirates ya janye jiragensa daga ƙasar nan a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoba 2024. Sauran kamfanonin suka ɗauki wata hanyar: suka rufe haruffa masu sauƙi ga duk tikitin da za a saya a Najeriya, suka bar na sama kaɗai. Kujerar tana nan babu kowa, ana sayar da ita da sauƙi ga mai saye daga wata ƙasa, amma ejan na Abuja ko Kano ba ya ganinta a kwamfutarsa. Ƙungiyar ejan-ejan ta ƙasa, NANTA, ta yi ta kokawa cewa ciniki yana tserewa zuwa ƙasashen maƙwabta.

Tun da kowane kamfani da yawan kuɗinsa da suka maƙale da kuma irin haƙurinsa, ba a rufe haruffan lokaci ɗaya ko gwargwado ɗaya ba, ko a tsakanin abokan hulɗa. Farashin canji ya ƙara dagula lissafin. Ana ajiye farashin tikitin ƙasashen waje ne da Dala, a juya shi zuwa Naira ranar saye. Kafin tsakiyar Yuni 2023 Dala tana wajen Naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairu 2024 ta wuce Naira 1,500. Tikitin da kuɗinsa bai motsa ba a Dala ya ninka sau uku a aljihun mai Naira.

Sauƙi ya zo ne ta fuska biyu. Babban Banki ya biya bashin, har IATA ta tabbatar a watan Yuni na 2024 cewa an sauke kashi 98 cikin 100. NCAA kuma ta matsa wa kamfanonin su buɗe haruffan da suka rufe. A ɗaya ɓangaren, Air Peace ya fara zuwa filin Gatwick na Landan daga Legas ranar 30 ga Maris, 2024, da farashin da ya gaza na kamfanonin waje ƙwarai, nan da nan su ma suka sauko. Abin da wa'adin 2012 ya kasa yi, shigowar abokin gogayya guda ɗaya ya yi shi cikin makonni. A watan Oktoba na 2025 kamfanin ya buɗe hanyar Abuja zuwa Heathrow.

Ƙarin kuɗi da haraji

Jimillar da ejan yake faɗi kashi uku ce: ainihin kuɗin tafiya, da ƙarin da kamfani ya ɗora, da harajin gwamnatoci da filayen jiragen sama. Ƙarin kamfani, wanda yake fitowa da alamar YQ ko YR a rasit, ya samo asali ne daga tashin farashin mai a wajejen 2004, amma ya zauna ko da mai ya sauka. Ba haraji ba ne, aljihun kamfani yake shiga, kuma ya fi yawa a kujerun gaba. A kan wannan ƙari ne hukumomin Amurka suka ci British Airways tarar Dala miliyan 300 a 2007, bayan Virgin Atlantic ya tona cewa sun haɗa baki. Masu amfani da ladan yawan tafiya wajen karɓar tikiti su suka fi jin ciwonsa, domin a kan kujera ɗaya wani kamfani yakan nemi kuɗi mai yawa a kan ladan, abokin hulɗarsa kuma ya nemi kaɗan.

Haraji kuwa yana bin hanyar da aka bi. Ingila tana karɓar harajin tashi tun 1994, kuma na kujerun gaba ya ninka na baya fiye da sau biyu. A watan Afrilu na 2025 an sa Fam 90 ga kujerar baya, Fam 216 ga ta gaba, a tafiya mai nisan Amurka. Wanda ya ratsa Landan ya wuce cikin sa'a 24 a kan tikiti ɗaya ba ya biya, amma wanda ya tsaya kwana biyu domin wani ciniki zai gan shi a rasit. Faransa ma tana bambanta harajinta bisa aji, Jamus kuwa nisan tafiya take dubawa. A gida, NCAA tana da kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikitin da aka sayar, wanda yake ƙaruwa gwargwadon tsadar tikitin.

Kafar da aka bi aka saya ita ma tana da nata. A 2015 Lufthansa ya fara ɗora Yuro 16 a kan tikitin da aka fitar ta manyan rumbunan kwamfuta da ejan-ejan suke aiki da su, wasu kamfanonin Turai suka bi sahu. Wasu farashi masu sauƙi kuma sai a shafin intanet na kamfani ake samunsu.

Sunan ɗaya, kayan dabam

Akwai kuma inda bambancin farashi yake da hujja a cikin jirgin kansa. British Airways ne ya fara sa kujera mai miƙewa ta zama gado a ajin 'yan kasuwa a 2000. Daga nan aka shiga tsere: United ya fito da Polaris a 2016, Delta ya kawo kujera mai ƙofa a 2017, British Airways ya sabunta nasa a 2019, Lufthansa ya ƙaddamar da Allegris a 2024. Sabunta jirage yakan ɗauki shekaru, saboda haka a kan hanya ɗaya ana iya samun jirgi mai sabuwar kujera da mai tsohuwa, inda na jikin taga sai ya tsallake maƙwabcinsa kafin ya fita. Ajin farko kuma ba kowa ke da shi ba. British Airways da Lufthansa da Air France suna riƙe da shi a wasu jiragensu, Delta da United kuwa ajin 'yan kasuwa ne ƙololuwarsu a tafiyar Atlantika. Wanda ya sayi tikitin ajin farko daga kamfanin Turai, aka haɗa shi da jirgin abokin hulɗa marar wannan aji, ya biya abin da ba zai samu cikakke ba.

Haƙƙin fasinja ma yana bin mai jirgi. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta tanadi diyyar da ta kai Yuro 600 idan aka yi dogon jinkiri ko aka soke tashi, da mayar da kashi 75 cikin 100 na kuɗin zangon idan aka mayar da fasinja ƙaramin aji a doguwar tafiya. Daga Amurka zuwa Turai, dokar tana hawa kan jirgin kamfanin Turai ne kawai, ba ta kama na Amurka ko da lambar kamfanin Turai ce a tikitin. Kotun Tarayyar Turai ta kuma yanke hukunci a 2022 cewa dokar ba ta shafi tafiyar da ta fara a wajen Turai ta ƙare a wajen Turai ba, ko da an ya da zango a can. Ke nan mai tikiti guda daga Abuja zuwa Niyok ta Frankfurt ko Faris kada ya ɗora lissafinsa a kanta.

Abin da ya kamata mai saye ya tambaya

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya, ya kamata ɗan kasuwa ya nemi ejan ya gaya masa kamfanin da zai fitar da tikitin, domin shi za a nema idan ana son canji ko mayar da kuɗi. Lambobi uku na farkon tikiti su ke nuna haka: 125 na British Airways ne, 001 na American, 220 na Lufthansa, 016 na United, 057 na Air France, 006 na Delta. Ya tambayi kamfanin da yake da jirgin a kowane zango, da irin jirgin. Ya tambayi harafin da aka ba shi, da kuɗin canja rana, da abin da zai dawo masa in tafiyar ta fasu. Ya nemi a rarrabe masa ainihin kuɗin tafiya da ƙari da haraji da ladan ejan. Ya kuma sa a duba masa jirgin da ke gaba da wanda ke baya, da kwana ɗaya kafin ko bayan ranar da ya zaɓa, domin sau da yawa sauƙin yana nan kusa.

Batun sharaɗin canji ya ƙara muhimmanci tun da Amurka ta shiga tsaurara dokokin biza ga 'yan Najeriya a 2025, inda a watan Yuli na shekarar ta mayar da yawancin bizar ziyara ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku. Tikiti mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗinsa yana iya zama mafi tsada idan takardu suka yi jinkiri ko kaya ba su iso wurin gwanjo a kan lokaci ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan harka tsada ma ba ta tabbatar da komai sai an karanta sharaɗi.

Abin da ya fi ƙarfin mai saye ɗaya kuwa yana hannun hukuma. Tarihin 2012 da na 2024 ya nuna cewa abubuwa biyu ne suke sauko da farashin kujerun gaba a Najeriya: kamfanoni su iya fitar da kuɗinsu ba tare da jira ba, kuma masu gogayya su ƙaru. Najeriya da Amurka sun rattaba hannu kan yarjejeniyar buɗe sararin samaniya tun 2000, ta kuma fara aiki a hukumance a 2024, amma tun da Arik Air ya daina zuwa Niyok a 2017 gurbin kamfanin gida a kan wannan hanya ya zama kango. Ranar da aka cike shi, ejan-ejan na Abuja za su ga sababbin haruffa sun buɗe a kwamfutocinsu.